Akwatin silaid na kayan cikin tarwaɗa, ga yadda na same shi

Wata biyu kenan ina koyar da ɗalibai da wannan akwatin, gilasai 12 ne a ciki, kowanne ɗauke da yankan naman kifin don dubawa a maikroskof, daga maƙoshi har dubura, kuma gaskiya wanda ya yi yankan ya iya aikinsa, siriri ne sosai ta yadda ko a ƙaramin maikroskof kana ganin hawa huɗun bangon ɓaro-ɓaro, shimfiɗar ciki, wadda ke ƙarƙashinta, sai tsoka, sai ɗan mayafin waje.

Na tumbi shi ya fi burge ni wallahi. Na sha faɗa wa yara cewa a kifi ƙwayar sel ɗaya ce ke fitar da asid kuma ita ce dai ke fitar da sinadarin pepsinojin mai taimakawa wajen narkar da abinci, ba kamar mu ba da kowanne ke da tasa ƙwayar, suna dai gyaɗa kai ne kawai, amma ranar da suka leƙa suka ga jakunkunan ruwan narkewa jere a ɓangaren farko na tumbin, suka matsa wajen mafitarsa suka ga jakunkunan sun ɓace tsoka ta yi kauri, sai tambayoyi suka fara zubowa. Na maƙoshi ma ba laifi, ninki-ninkin da ke ba shi damar buɗewa in kifin ya haɗiyi babban abu ya fito tas.

Inda masu haɗa akwatin suka gaza shi ne rini. Duka H&E aka yi musu, wato rinin da aka saba yi wa yankan nama don ƙwayoyinsa su fito, to ƙwayoyin yauƙi na hanji sai su fito fari fat kamar ramuka, alhali da sun sa ko guda ɗaya mai rinin PAS, wanda ke kama yauƙi, da sun fito ja mai duhu yara sun ƙirga da kansu sun ga yadda suke ƙaruwa in an doshi dubura. Wannan ya min ciwo, domin nan darasin yake. Guda biyu kuma takardar sunansu a musanye take, na farkon hanji da na ƙarshensa, sai da na gyara da alƙalami, ɗaya kuma akwai kumfar iska a gefe.

Na rubuta musu na roƙa su ƙara na ƙarfasa, tunda hanjinta dogo ne a nannaɗe saboda yawan cin tsirrai, a ajiye kusa da gajeren na tarwaɗa yaro ya gani da idonsa. Sun amsa da wuri, sun kuma ce za su canza min mai kumfar, ina jira.