Darasin Sifaniyanci na Language Transfer: gwani a gina jimla, rago a gaisuwa

Wannan darasi na Language Transfer, wani shirin koyar da harsuna, murya ce zalla: babu hoto, babu wasan tara maki, babu talla, kuma ba a biyan ko kwabo. Kashi 90 ne, kowanne kamar minti goma, wato wajen awa 15 gaba ɗaya. Malamin, Mihalis Eleftheriou, yana jefa wa mai koyo guda ɗaya tambaya, ana amsawa yana gyarawa. Akwai shi a manhajar waya da YouTube da SoundCloud, kuma a manhajar ana iya sauke darussan don saurare ba tare da data ba.

Da Turanci ake koyarwar, kuma a kan Turancin aka dasa harsashin. Tun farko za a nuna maka cewa kalmomi irin normal da legal suna nan a Sifaniyanci, lafazi ne kawai ya sauya, sannan daga preparación ka ciro aikatau preparar. Ka haɗa da quiero, wato ina so, ko voy a, wato zan yi, sai ga jimla ta tashi: quiero preparar, ina so in shirya; voy a cancelar, zan soke. Wanda Turancinsa bai nuna ba zai sha wuya a nan, gara ya sani tun kafin ya fara.

Ƙa'idar aikin ita ce: da malam ya yi tambaya, ka dakatar da muryar, ka gina amsar da bakinka a bayyane, sannan ka saki ka ji ko ka dace. Ba a rubutu, ba a hadda. Inda mutane ke faɗuwa shi ne sauraro a cikin mota ko ana wanke-wanke. A cikin muryar an amsa, kai kuma ka ji kamar ka gane, amma ranar da aka ce ka faɗa sai baki ya ƙi. Kashi biyu a rana cikin natsuwa ya fi goma a guje.

Bahaushe yana da garaɓasar da darasin bai san da ita ba. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda muke furta su haka suke, ba irin murɗiyar Turanci ba. Jinsin suna, da ke gigita Turawan Ingila, mu da shi muka tashi, har ma yawancin sunayen mace da -a suke ƙarewa kamar namu: la casa, gida; la mesa, tebur. 'Yan tawaye ma akwai, yadda ruwa yake namiji a wurinmu haka el día da el problema suke. Wanda ya yi allo kuma harafin j ba zai dame shi ba, kusan kha ce ta Larabci. Ga hasta, 'yar uwar hatta ɗinmu, duk daga Larabci suka fito.

Tarkon namu p ne da f. Por favor, wato don Allah, yana ɗauke da duka biyun, kuma darasin ba zai tsaya ya raba maka su ba. Sai h da ba a furtawa sam, hola ola ce, da r guda da r biyu: pero amma ne, perro kare.

Babban giɓin shi ne maganar yau da kullum. Za ka iya kai wa tsakiyar darasin kana sarrafa aikatau a shuɗaɗɗen lokaci, alhali ba a zaunar da kai kan ƙirga ko ciniki ba, ga mu kuwa mutanen da gaisuwa ce ƙofar magana. Waɗannan sai ka haddace su a gefe: buenos días da safe, buenas tardes bayan azahar, ¿cuánto cuesta? nawa ne, no entiendo ban gane ba, más despacio a sassauta. Babba ko baƙo a Madrid ko Meziko ce masa ¿cómo está usted?, ka ajiye ¿cómo estás? don sa'anka. Kunne ma ba ya samun horo, domin a hankali ake magana a ciki. Daga wajen kashi na 30 ka fara haɗawa da sauraron masu harshen, ko da hirar 'yan wasan La Liga ce bayan an tashi.