Daga Shago Zuwa Albashi: Wane Aiki Ya Cancanci Ka Rufe Kasuwarka?

Ɗan kasuwar da ya gaji da faɗi-tashin ciniki yakan ga albashi a matsayin hutu, tunda ƙarshen wata kuɗi za su shigo ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Da gaskiyarsa. Sai dai aikin albashi ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri akwai abin da yake karɓa daga hannunka kafin ya ba ka. Tambayar farko ita ce nawa shagon yake ba ka a zahiri, ta biyu kuma wane aiki ne zai bar ka ka riƙe shi idan kana so.

Fara da lissafin shagon, na wata shida aƙalla, don watan azumi da sallah kaɗai za su ruɗe ka. Daga cinikin kowane wata cire kuɗin sarin kaya, hayar shago, wuta da man janareta, ladan yaron shago, dako, harajin kasuwa, da bashin da ka san ba zai dawo ba. Sannan ka mayar da abin da yawancin 'yan kasuwa ke mantawa: kuɗin cefane da kake zara daga aljihun tebur kullum, da shinkafa ko sabulun da ake ɗauka zuwa gida ba a rubuta ba. Wannan ma riba ce, kuma ranar da ka rufe shago daga albashi za ta fita.

Albashin ma a tace shi. A ce an yi maka tayin naira 150,000 a wata. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, don haka kusan 12,000 sun tafi asusun fanshonka. Haraji a sabuwar dokar da ta fara aiki a 2026 ba ya taɓa naira 800,000 na farko a shekara, amma abin da ya haura yana shiga, a ce kusan 10,000 a wata. Idan kuɗin mota 1,500 ne kullum, abincin rana 1,000, kwana 22 sun ci 55,000. Abin da zai isa gida bai wuce 73,000 ba. Da wannan adadin za ka auna ribar shago, ba da wanda ke rubuce a takarda ba.

Aikin gwamnati shi ne wanda iyaye suka fi sa wa albarka, kuma ta fuskar ɗorewa babu kamarsa. Korar ma'aikacin da aka tabbatar abu ne mai wuya, akwai ƙarin girma, akwai fansho, ana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Mai digiri yana shiga a mataki na 8, mai NCE a na 7, mai ƙaramar difloma a na 6. A nan ne ɗan kasuwa ke fara jin ciwo: shekaru goman da ka yi kana juya miliyoyi a kasuwar Kwari ko Singa a Kano ba sa ƙara maka mataki, da takardarka za a auna ka, tare da yaron da ya gama hidimar ƙasa bara. Ana kuma yin shekara biyu na gwaji kafin tabbatarwa, albashin farko yakan yi jinkiri na watanni kafin sunanka ya shiga tsarin biya, wanda a tarayya ake kira IPPIS.

Akwai wani sharaɗin da mutane ke tsallakewa, alhali shi ne mafi nauyi ga mai shago. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa ko shiga harkar tafiyar da shi, noma kaɗai aka ware. Kowa ya san ma'aikata da yawa na yi, amma yawan masu yi ba ya goge dokar, kuma ranar da wani ya so ka da sharri da ita zai kama ka. Wanda zai shiga gwamnati ya shirya sakin ragamar shagon da gaske.

Tsakanin tarayya da jiha, a dubi yadda ake biya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, amma jihohi sun bambanta wajen aiwatarwa, haka wajen biyan fansho da garatuti. Kada ka tambayi jami'in da ke ɗaukar aiki, tambayi wanda ya yi ritaya shekara uku da suka wuce ko ya karɓi haƙƙinsa. Duk wanda kuma ya ce ka kawo kuɗi ya sayar maka da gurbi, to jarinka yake hari. Takardun ɗaukar aiki na bogi sun yi yawa, mutum ya sayar da kayan shago ya biya, a gane a wurin tantancewa, ya rasa biyun.

Kamfanoni masu zaman kansu su ne inda gogewar kasuwa ke da daraja. Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, manyan dilolin kayan masarufi, kamfanonin sadarwa da na taki da iri, duk suna buƙatar wanda ya san wa ke saye, wa ke biyan bashi, wa ke cinyewa. Guraben da suka dace da tsohon mai shago su ne wakilin talla, mai kula da sito, jami'in sayen kaya da mai bin bashi. Abin lura shi ne yadda aka gina kuɗin. Wani tayin albashin tushe kaɗan ne, sauran kamasho ne da ba ka samu sai ka cika adadin da aka yanka maka. Wannan kasuwanci ne a cikin rigar albashi, ribar ta wani, haɗarin naka. Tambayi wa ke ɗaukar asara idan kwastoma ya gudu da kaya, domin a wurare da yawa daga albashinka za a cire, ko a bi wanda ya tsaya maka.

A bankuna, bambance ma'aikacin bankin da ma'aikacin kwantiragi da wani kamfani ya kawo. Teburinsu ɗaya, amma albashi da alawus da damar ƙarin girma ba ɗaya ba ne. Shirin ɗaukar sabbin masu digiri yakan sa iyakar shekaru ƙasa da talatin, wanda ya daɗe a kasuwa sau da yawa ya wuce ta. Ƙananan wurare kuma, irin makarantar kuɗi ta unguwa ko kantin zamani, dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, saboda haka komai ya dogara ga abin da kuka rubuta. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Nemi naka tun kafin ka fara.

Ƙungiyoyin agaji sun fi biya, musamman a Maiduguri da sauran arewa maso gabas, kuma suna neman masu sayen kaya da kula da sito. Amma kwantiragi ne na wata shida ko shekara, rayuwarsa na hannun mai ba da tallafi. Da Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi, USAID, a 2025, ayyuka da dama sun tsaya cikin makonni. Wanda ya samu irin wannan aiki, shi ne bai kamata ya taɓa jarinsa ba ko kaɗan.

Sai makomar shagon. Sayar da shi gaba ɗaya yana ba ka kuɗi a dunƙule da kwanciyar hankali, amma kayan da aka sayar cikin gaggawa ba sa dawo da uwar kuɗi, masu bashi kuma da sun ji ka tashi sai biya ya yi nauyi. Don haka a tsayar da ba da bashi wata biyu ko uku kafin tashi, a karɓo na waje, a biya diloli, a ƙarar da kaya a farashinsu. Barin shagon a hannun ƙane ko yaro ya fi dacewa da mai aikin kamfani ko ƙungiya, in dai takardar aikinsa ba ta hana ba. Abin da ke kashe irin wannan shago sananne ne: ba a ƙirga kaya ranar miƙawa ba, ba a yanka wa yaron albashi ko kaso ba sai ya yanka wa kansa, kuɗin ciniki na shiga asusunsa. Maganin shi ne ƙirga a rubuce gaban shaidu, asusun banki na shago daban, da ƙirgar kaya kowane wata ko da ɗan uwa ne ciki ɗaya. Idan ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ko dai ka ci gaba da shigar da bayanan shekara ko ka sanar da ita ka daina, in ba haka ba tara na taruwa.

Wajen neman aikin, kada ka rubuta "ɗan kasuwa" kawai a takardar tarihin aikinka. Rubuta yawan cinikin wata, mutanen da ka riƙe, dilolin da ka yi hulɗa da su, ka tanadi takardar CAC da bayanan asusun banki a matsayin hujja. Haɗa lambar NIN, shaidar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma, da ta hidimar ƙasa ko ta yafewa ga wanda ya kammala digiri bayan ya haura shekara 30 da haihuwa. Ka tabbatar suna da ranar haihuwa sun yi daidai a dukkansu, saɓanin harafi ɗaya na iya riƙe albashi.

Kada a saki reshe a kama ganye: alkawarin baki ba aiki ba ne, sunanka a jerin waɗanda aka zaɓa ma ba aiki ba ne. Shago ya ci gaba da buɗewa har takardar ɗaukar aiki ta zo hannu, ka tabbatar da ita a ofishin da ya bayar, sannan ka ware kuɗin cefanen wata uku zuwa shida a gefe kafin ka miƙa makulli.