Lanƙwasa katako da tururi ko manna siraran yanka: wanne ya fi ga kujerar cin abinci?

Ɗan'uwa, ka ce kana son ƙafafun baya da majingina su fito a lanƙwashe daga katako guda, kuma ka rasa tsakanin tururi da manna siraran yanka da gam. Ni dai tururi nake zaɓa, sai in katakon ya ƙi.

Da tururi, kana sa sandar a cikin akwati mai zafin kusan digiri 100, awa guda ga kowane inci na kauri. Zafi da laima suna tausasa abin da ke riƙe zaren katakon. Da ka fito da ita, minti ɗaya ko biyu ne kawai a hannunka kafin ta fara taurin kai. A nan mutane da yawa ke asara: katako yana jure matsi amma ba ya jure ja, don haka bayan gwiwar ne ke tsagewa, ka ji ƙas, zare ya miƙe kamar gashi. Maganinsa shi ne ɗamarar ƙarfe a bayan sandar, mai toshiya a kowane baki, domin cikin gwiwar ya matsu. Kuma ka ɗan zarce da lanƙwasar, don in ka kwance ta bayan ta bushe za ta ɗan koma baya.

Mannawa ba ta da wannan gaggawar. Ka yanka katako siri-siri, milimita 2 zuwa 3, ka shafa gam, ka matse a kan firam. Siffar tana zama daram, duk ƙafafun su fito iri ɗaya. Sai dai zarto yana cin katako mai yawa, kuma layukan gam suna nunawa a gefe.

Michael Thonet, shahararren mai ƙera kujeru, ma da mannawa ya fara a Boppard ta Jamus, daga baya ya koma lanƙwasa sanda guda ta katakon bic (wata bishiyar Turai) da tururi. Kujerarsa mai lamba 14 ta 1859 yanki shida ce kacal, kuma kujeru 36 a warware suna shiga akwati mai faɗin mita ɗaya ta ko'ina.

Abin da zai raba maka gardama shi ne katakon da ke hannunka. In katakon bishiyar ash ne ko na bic, mai miƙaƙƙen zare, wanda iska ta busar kuma da sauran ɗanyantaka, kunna tukunyar tururi. In mahogani ne, ko wanda aka busar a injin, kada ka wahalar da kanka, yanka shi ka manna.