Wata shida ina buga Sterling Ray4, ga abin da na gani

Shekara takwas ke nan ina buga bas, wato jita mai kaurin murya, a wuraren biki nan Damagaram, daga Birni zuwa Zango, wani lokacin a ɗauke mu har Mirriya ko Matamai, kuma duk tsawon lokacin nan murya ɗaya ce ta zauna min a kunne, muryar bas ɗin nan Music Man StingRay. Wanda ya taɓa jin ta ya san me nake nufi, ƙasa ga nauyi kamar ganga, sama kuma ga wani kaifi da ke ratsa kalangu da piyano ya fito fili ko da wuri ya cika da guɗa. To amma kuɗinta fa? Sabuwa 'yar Amurka ta haura dalar Amurka 2000, wato sama da miliyan ɗaya na sefa, ba a ma zo maganar mota da duwan ba. Mu da ake sallama da jaka goma ko sha biyar a dare, yaushe za mu tara wannan.

Shi ya sa na zauna na bi diddigin inda muryar take fitowa. A 1976 aka fara fitar da StingRay, da hannun Leo Fender a ciki, wanda ya ƙera bas ɗin Precision a 1951 da Jazz Bass a 1960. Sirrin abu biyu ne: ƙaton pikop guda ɗaya, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da aka dasa can kusa da gindin tsirkiya, sai kuma ɗan injin ƙara murya da ke cikin jikinta mai aiki da batir 9V. Da na gane haka sai na daina bin masu kama da ita a fenti, na koma neman wadda aka sa wa pikop a daidai wurin nan. Nan na faɗa kan Sterling Ray4, wadda ake yi a Indonesiya da izinin su masu Music Man ɗin, siffa ɗaya, har kan nan mai abin ɗaure tsirkiya uku a sama ɗaya a ƙasa.

Wani yayana da ke zirga-zirgar Kano ne ya samo min ta hannu, jaka 170 har da jakarta. Ranar da ta iso na buɗe na buga, wallahi gabana ya faɗi, murya dusu-dusu kamar an rufe ta da bargo. Na ɗauka wajen maigidanmu, tsohon da ya koya min kiɗa, ya juya ta ya shafa tsirkiyar da yatsa ya nuna min baƙin dattin da ya fito, ya ce "yaro, wannan tsirkiyar ta girmi ɗanka, je ka canza ta tukuna sannan ka zo mu yi magana." Na ce to Baba. Sati biyu na jira kafin sabuwar tsirkiya ta zo, na sa sabon batir, na ɗan ɗaga makunnin kaifin murya kaɗan, kai! Sai ga muryar nan da nake mafarki ta fito, musamman in na doka da babban yatsa na fizgo ta ƙasa, tas-tas kamar ana fasa gyaɗa.

Ba zan ce daidai take da 'yar Amurka ba. Na saurari ta asalin da abin kunne sau ba adadi, tata muryar ta fi taushi da cika, tawa ta ɗan fi tsawa. Amma ta cikin bafil ɗin haya da muke aiki da su, ga janareto na ruri a bayan rumfa, har yau ban ga wanda ya tsaya ya ce min akwai bambanci ba. Muryar tawa na da ƙarfi sosai, tsohon ampli ɗina in na buɗe ta duka sai ya fara kakari, don haka nake tsayar da ita wajen kashi uku cikin huɗu, shi ke nan lafiya lau.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne hunturun garin nan. Itace ne, in iska ta bushe sai ya tsuke, a watan Janairu bakin ƙarafunan wuyan suka ɗan leƙo har suna kartar min tafin hannu, tsirkiya kuma ta fara zizar a sama. Baba ya goge bakin da ƙaramin zarto, ya juya ƙarfen cikin wuya kwata ɗaya kawai, ya ce in daina jingine ta a bango, in riƙa mayar da ita jaka da ɗan soso mai laima a cikin roba mai huji. Tun daga nan ba ta sake motsi ba.

Kuma don Allah in ka saya, ka riƙa zare wayar ampli daga jikinta in an tashi, don muddin tana soke batir na ci. Ni yanzu guda biyu nake ajiyewa a aljihun jakar, tare da ɗan sukundireba na buɗe murfin.