Katin Trinkhalle ya burge ni, amma huɗu daga cikin katunan na bogi ne

Sati shida na yi ina jiran wannan kaya. Na'urar kallon hoto ce ta da, mai haɗe hotuna biyu su zama ɗaya mai zurfi, samfurin da likitan nan na Amurka, Oliver Wendell Holmes, ya tsara wajen 1861, mai mariƙin katako da gilasai biyu, haɗe da katuna 12 na garin Baden-Baden da ke Jamus. Mai sayarwa ya rubuta cewa duk lafiyayyu ne.

Wanda na fara sakawa na Trinkhalle ne, doguwar rumfar nan mai ginshiƙai 16 da aka gama a 1842, inda a da baƙi ke taruwa shan ruwan ɗumin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa don neman lafiya. In ka riƙe katin a hannu, hotuna biyu ne kawai da suka koɗe. Ina kai na'urar ido, na ɗan ja katin gaba, wallahi sai ginshiƙan suka rarrabu, kowanne ya tsaya a gurbinsa, rumfar ta miƙe can ciki kamar in ɗaga ƙafa in shiga. Na kira uwargida ta leƙa, har hannu ta miƙa za ta taɓa. A nan na fahimci yadda aka ja ra'ayin mutanen wancan zamani. Jirgin ƙasa ya riga ya isa garin tun 1845, kuma duk wanda ya ga wannan a falonsa a Landan ko Faris, ai zuciyarsa ta tafi kafin ƙafarsa.

Da dare murna ta koma ciki. Katuna huɗu sun ƙi yin zurfi, duk yadda na ja su. Na ɗauka idona ne ya gaji. Da na dube su da kyau ƙarƙashin fitila, ashe hoton hagu da na dama ɗaya ne sak, an manna sau biyu. Alhali sirrin abin tun bayanin masanin kimiyyar nan na Ingila, Charles Wheatstone, a 1838 shi ne a ɗauki hoton daga wurare biyu masu ɗan tazara, kamar tsakanin idanun mutum. Abin da ya fi ci mini rai, har da katin Friedrichsbad, gidan wankan da aka buɗe a 1877, wanda saboda shi na yi cinikin.

Na yi wa mai sayarwar magana, sai bayan kwana tara ya ce wai haka ya same su. Maƙalin katin ma sako-sako yake, sai na tokare shi da takarda. Kuɗin katuna huɗun nan har yau ban gani ba.