Kwarin Ganges da kwarin Binuwai: ɗaya danniya, ɗaya yagewa

Malam, ka tambaya ko kwarin Ganges na Indiya da namu na Binuwai hanya ɗaya suka samu, tunda duk yashi da laka ne suka cika su. A ido sun yi kama, amma asalinsu ya sha bamban.

Na Ganges karo ne ya haife shi. Kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce ƙasar Indiya ta yi karo da Asiya, kuma har yau turawa take yi, 'yan santimita a shekara. Tura tabarma jikin bango ka gani, tattarewa take yi tana hawa kanta. Haka ɓawon ƙasa ya nannaɗe ya zama Himalaya. Kaurinsa a nahiyoyi bai cika wuce kilomita 35 zuwa 40 ba, amma a ƙarƙashin Tibet, tudun da ke bayan Himalaya, ya kai wajen 70. To wannan nauyi sai ya danne ƙasar da ke gabansa, kamar yadda katifa ke lotsawa a gefen wanda ya zauna. Koguna suka riƙa kwaso ɓarɓashin duwatsun suna zubawa a lotsawar. Shi ya sa zurfin ya fi yawa a gindin duwatsun, yana raguwa in ka yi kudu.

Binuwai kuwa ja aka yi. Sama da shekara miliyan 100 baya, lokacin da Kudancin Amurka ke rabuwa da Afirka, ƙasa ta miƙe ta sirance kamar alewa a hannun mai ja, tsakiya ta rufta, teku ya shigo ya bar lakarsa. Can a reshensa na Gongola ake maganar man Kolmani. Ba zan ce matsi bai taɓa shi ba: wajen shekara miliyan 85 baya ya ɗan matse, yankin Abakaliki ya tasa, kwarin Anambra mai gawayin ƙasa (kwal) na Inugu ya samu a gefensa.

Abin da ni ya fi burge ni shi ne inda muke zaune. Kaduna ba ta cikin kwari ko ɗaya. Kan saiwar tsofaffin duwatsu muke, waɗanda irin karon Himalaya ya tayar kimanin shekara miliyan 600 baya, ruwa da iska suka cinye samansu. Dutsen Kufena na Zariya narkakken dutse ne da ya daskare can ƙasa a wancan zamani, zaizaya ta tono shi. Irin wannan dutse ba ya tara mai kamar yashi da lakar kwari, shi ya sa muna da matatar mai amma sai an turo mana ɗanyen ta bututu, kuma mai haƙa burtsatse a nan tsaguwar dutse yake farauta, alhali na Maiduguri shimfiɗar yashi mai ruwa yake hudawa.