Kamfanin Yamai da ke kula muna da kwamfutoci a Tawa: abin da na gani

Salamu alaikum ƴan uwa. Ƴan kasuwa da yawa nan Tawa suna tambayata batun kamfanin nan na Yamai da munka ba kontra ta kula da kwamfutocinmu, wai ko su ma su shiga. Amsata ita ce aikinsu na nesa shina da kyau ƙwarai, amma duk abin da ke son hannu a wurin kada ka dogara da su, kuma kafin ka sallami yaronka na kwamfuta sabili da su ka zauna ka yi tunani sosai. Ba zan sa sunansu ba, irinsu sun yi yawa yanzu a Yamai kuma tsarin kusan ɗaya ne.

Ni ke riƙe da lissafi da sito a wani kantin sari na kayan gini, siminti, rodi, kwano, fenti da sauransu. Muna da kwamfutocin kes, da ta sito, da babbar da ke buron Alhaji mai kantin wadda komi ke cikinta. Da can muna da yaronmu da ya yi karatun kwamfuta, shi ke duba su, da albashinshi da CNSS ɗinshi, wato kuɗin asusun ritaya. Bara anka kawo ma Alhaji wanga tsari na biyan wata-wata, ya lissafa ya ga kuɗin bai kai abin da shike kashewa kan yaron ba, ya sa hannu.

Gaskiya inda sunka iya sun iya. Sun buɗe muna gurup na WhatsApp, in abu ya tsaya ka ɗauki hoto ka tura, ba a jimawa wani ya kira ka ya ce Malam yi haƙuri kada ka taɓa komi bari mu shiga, sai ka ga kibiyar tana yawo da kanta kan allo suna gyara daga can ta AnyDesk, lojisiyel ɗin shiga kwamfuta daga nesa. Suna jin Hausa suna jin Zabarmanci da Faransanci, kuma ba su da wulaƙanci, ko tambayar da kake jin kunyar yi ka yi za su amsa ma da ladabi. Kowane dare suna ajiye kwafin lissafinmu, wanda da sai an tuna ake yi. Sun toshe wurin sa kile USB saboda birus, ma'aikata sun yi ta gunaguni amma tun lokacin ba mu sake ganin fayil ya ɓace ba. Batun faktir sartifiye ɗin nan ta ma'aikatar haraji da ta wahalar da ƴan kasuwa da yawa, su sunka daidaita muna ita har ta zauna. Nan ba ni da abin cewa sai godiya.

To amma kwamfuta a Tawa ba lojisiyel ke kashe ta ba yawanci, ƙura ce da zafi da kuran. Lokacin hunturu ƙura na cika fankar ciki, watan Afrilu da Mayu zafi ya wuce digiri 40, ga ɗauke wuta da maido ta ba sallama, batirin ondila mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta ya mutu ba ka sani ba sai ranar da injin wuta ya ƙi tashi da wuri. Waɗanga duk ba a gyara su ta waya. Wata Asabar babbar kwamfutar ta mutu ɗungurungum, washegari Lahadi ranar kasuwar Tawa, mutanen ƙauyuka sun cika gari, munka koma littafi da biro, wanda ke da bashi ba mu iya duba nawa ake bin shi, wanda ke son faktir sai haƙuri. Mai gyaran sai da ya hau kar daga Yamai, kilomita wajen 550, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, kafin ya iso kasuwa ta watse tuni, kuma abin da ya lalace ɗan akwatin wuta ne na ciki wanda yaronmu da shina nan da ya canza shi kafin azahar. Kuɗin kar da masauki da abincin mai gyaran duk kanmu, yana rubuce cikin kontra da ƙananan baƙaƙe. Ban ga laifin wanda ya zo ba, yaro ne mai hankali, ya sauka a gajiye ya kama aiki ko ruwa bai sha ba, tsarin ne haka.

Wani abu kuma da ba su faɗi da farko ba, lojisiyel ɗin sito ba nasu ba ne. In matsalar ta yi zurfi sai su ce Malam mun tura ma masu shi muna jira, masu shi kuwa suna wata ƙasa, ba ka san su ba ba su san ka ba. Kenan mu mun ba Yamai, Yamai ta ba waje, kuɗin da ake biya a Tawa kowa ya yanki nashi a hanya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron. Ba a kore shi da faɗa ba, an biya shi haƙƙinshi, Alhaji mutum ne mai tsoron Allah. Amma ya zaga garin nan da takardunshi, kowa ya ce mishi muna da kamfani. Ya ɗan yi gyaran waya bakin kasuwa, daga baya ya tafi bida Abijan kamar yadda iyayenmu da kakanninmu na Adar sunka saba, bambancin kawai shi da diflom ya tafi. Ku duba lissafin da kyau, kamfanin shi ma ƴan Nijar ya ɗauka, ban musa ba, amma mutum kaɗan ne ke kula da kantuna da farmasi da buro masu yawan gaske, sauƙin kuɗin da ake yi muna talla kuwa albashin waɗanda anka sallama ne. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun 2024, wanda ya yi shekaru shina karatun kwamfuta yau shina neman ko kusa da wannan bai samu ba. Ga jami'ar Djibo Hamani nan cikin gari tana yaye yara kowace shekara, ina za su yi istaj? Ai aikin ja waya da hura ƙura da sake sa Windows da mutane ke rainawa nan ne yaro ke fara koyo, da rarrafe yaro kan tashi, in an kwashe ƙaramin aikin an kai Yamai to babban ma ba zai taɓa samun mai yin shi a nan ba.

Kuma ba mu munka fara ba, manya sun daɗe suna yi. A 2010 da Bharti Airtel ta Indiya ta sayi Zain ta Afirka, wadda mu tsofaffi munka sani da Celtel, a wannan shekarar ta 2010 ta ba kamfanin IBM na Amurka kwangilar shekara 10 ta kula da harkar kwamfutocinta a ƙasashen Afirka 16, har da Nijar. Indiya kanta da wanga aiki ta bunƙasa garuruwa irin Bangalor, kamfanoni kamar Infosys da Wipro da TCS suna yi ma Amurka da Ingila aiki daga nesa. Na Faransa kuma suna kai nasu Kasabalanka da Tunis da Dakar da Madagaska, ka kira lamba a Faris yaron Maroko ya amsa ma. Su waɗanga ƙasashe aikin wasu ya shigo musu. Mu nan muna da Faransancin muna da matasan, amma wa zai ba ka aikin da ke son wuta da rezo dare da rana bayan kowa ya ga abin da ya faru a 2023, da Najeriya ta yanke layin da ke kawo muna mafi yawan kuran ɗinmu har sai Maris 2024? Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ta shigo 2025, koneksiyon ya ɗan gyaru ga mai hali, ina fata ya zama ƙofa. Sai dai ko a Indiya ɗin abin ya fara juyawa, TCS ta sanar a 2025 za ta rage ma'aikata wajen 12,000, don haka kada mu ɗauka aikin zai tsaya shina jiranmu.

Ga wanda zai shiga, ka tambaye su tun kafin sa hannu wa ke riƙe da babban kod na kwamfutarka, ka ce a rubuta ma shi a takarda ka kulle cikin kofur. Ka tambayi ina ake ajiye kwafin nan na dare, cikin ƙasa ko waje, don sunayen masu bashinka da lambobinsu ke ciki, kuma akwai dokar kare bayanan mutane, amana ce a wuyanka. Ka sa a rubuta awa nawa za su yi kafin mai gyara ya taka ƙofarka da wanda zai biya kar, da yadda za su maido ma bayananka ranar da kunka rabu. In kantinka na Yamai ne, Wadata ko Katako ko Plato, rabin kukana bai shafe ka ba, da babur za su iso ma. In biyar ce cikar maki ni uku zan ba su a Tawa, a Yamai ƙila huɗu.

Yanzu lokacin sabunta kontra ya matso, na roƙi Alhaji ya sa musu sharaɗi su ɗauki yaro ɗan gari ya zauna nan Tawa, su biya shi su koya mishi, shi ke zagaya kantunan da sunka yi kontra da su. Ya kira shugabansu gabana, shugaban ya ce mishi Alhaji ba mu ƙi ba amma kanti ɗaya ba ya ɗaukar albashin mutum, sai in an samu wasu sun haɗu. Mun yi magana da mai farmasi ɗaya da wani mai sarin hatsi sun yarda, saura kaɗan, duk wanda ke da kontra da irin waɗanga kamfanoni a Tawa ko Ƙonni ko Illela ya neme ni mu haɗa takarda ɗaya mu kai musu.